NAJASHI A KASUWAR WAYA: YADDA AKE AUNA SHAIDAR MASU SAYE

 

'Yan'uwa masu karatu, tambayoyi sun taru a wannan fili daga ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, kuma ko da yake lafazinsu ya bambanta, maƙasudinsu ɗaya ne. Ɗan kasuwa a Kwanar Dangora yana son injin ban ruwa domin noman rani, malamin makaranta a Badafi yana tara albashi domin ya sayi batir da farantin sola, ma'aikacin ƙaramar hukuma za a tura shi kwas Abuja yana neman masaukin da zai kwana. A da, mai irin wannan bukata mota yake shiga ya tafi Kano, ya ratsa Sabon Gari ko Farm Centre, ya ɗaga kaya ya juya, ya dubi idon mai sayarwa. Yanzu kuwa waya yake buɗewa, ya ga hoto, ya ga taurari biyar a jere, a ƙarƙashinsu ga maganganun mutanen da suka ce sun saya sun ji daɗi. Abin da ake tambaya shi ne: shin waɗannan maganganu abin dogara ne? In kuwa akwai na gaskiya akwai na ƙarya, da me za a rarrabe?

Farkon abin da ya kamata mu tsayar shi ne sunan abin. Mutumin da ya rubuta a ƙarƙashin hoton kaya cewa ya saya, ya gwada, ya same shi da kyau, shaida ya bayar, ko ya sani ko bai sani ba. Wani zai fitar da kuɗinsa saboda wannan magana. Tun da shaida ce, to ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin malaman fiƙihu da malaman hadisi sun shafe ƙarnuka suna tace wanda ake karɓar maganarsa da wanda ake mayar masa da ita.

Ita ma ƙaryar ba sabuwa ba ce. Ya tabbata a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi. Najashi shi ne mutum ya taya kaya da tsada alhali ba shi da niyyar saye, domin wanda ke tsaye kusa ya ruɗu ya ƙara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san wannan wasa: ana cinikin sa, sai wani ya ɓullo daga gefe ya shafa tozo, ya ce ai shi ma ya taya kaza an hana shi, alhali shi da dillali sun gama magana tun da safe. Haka mai tallar magani a tasha, wanda ba ya rasa mutum biyu ko uku a cikin taro da za su ɗaga murya su ce sun sha sun warke. Malamai sun shigar da yabon kaya da abin da babu a cikinsu cikin wannan babi. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan mai kaya ya san da makircin, mai saye yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai cikin shekarar 1993, ta ambaci amfani da kafofin watsa labarai wajen siffanta kaya da siffofin da ba su da su a matsayin najashin zamani. A lokacin ba a san kasuwar waya ba, amma hukuncin ya hau kanta daidai.

Abin da ya sauya shi ne yawa. Dillalin kara mutum biyu yake iya ajiyewa. Mai sayarwa a intanet yana iya sayen ɗari biyar a dare ɗaya. Kamfanin Amazon, wanda yana cikin manyan kasuwannin intanet na duniya, ya bayyana cewa a shekarar 2022 kaɗai ya tare sharhi fiye da miliyan 200 da yake zargin na ƙarya ne, kuma a watan Yuli na wannan shekara ya kai ƙarar masu kula da zauruka fiye da 10,000 na Facebook waɗanda aikinsu haɗa masu kaya da masu rubuta yabo don kuɗi ko don kyautar kaya. A birnin Landan, cikin 2017, wani ɗan jarida mai suna Oobah Butler ya ƙirƙiri gidan cin abinci wanda babu shi, rumfa ce kawai, ya sa abokansa suka yi ta rubuta yabo a shafin TripAdvisor, har rumfar ta zama ta ɗaya a jerin gidajen abincin birnin gaba ɗaya, alhali ba a taɓa ciyar da mutum ko ɗaya a cikinta ba. Mutane suka yi ta bugo waya suna roƙon a ba su gurbi.

Ga ɗan lissafi domin 'yan kasuwa, su da ba a ruɗa su da ƙidaya. A ce mutum 20 sun sayi wani injin da gaske, bai yi musu daɗi ba, kowa ya ba shi tauraro biyu, jimla 40. Sai mai kaya ya sayi yabo 80, kowane da taurari biyar, jimla 400. In ka haɗa 440 ka raba wa mutum 100, injin ya tashi da tauraro 4.4. Mai kallo daga nesa zai ce kaya ne na ƙwarai, alhali duk wanda ya taɓa shi da hannunsa ya yi nadama. Saboda haka lambar nan da ke sama ita ce mafi ƙarancin amfani a duk shafin, kuma ita ce mafi yawan mutane suke tsayawa a kanta.

Wani zai ce, ai malamai sun ce labarin da jama'a masu yawa suka kawo yana ba da yaƙini. Haka ne, shi ake kira mutawatiri. Amma ba su bar shi haka sakaka ba. Sun shar'anta cewa yawan ya kai yadda a al'ada ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba, kuma abin da suke faɗa ya zama sun gani ne ko sun ji da kansu. Mutum ɗari da aka tara a zaure ɗaya na WhatsApp, aka tura musu abin da za su rubuta, aka biya kowa ɗan abin sayen kati, a ma'aunin malaman hadisi mutum ɗaya ne, shi ne wanda ya biya su.

To, da me za a auna? Bari mu fara da tambayar da alƙali yake farawa da ita: wane ne mai shaidar? An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, domin ya tsarkake wani mai ba da shaida. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko hulɗar kuɗi ta taɓa haɗa su, ya ce a'a. Sai Umar ya nuna masa cewa ganin mutum a masallaci yana ɗaga kai yana sunkuyarwa bai isa a ce an san shi ba, ya sallame shi. A kasuwar waya ba za mu sami maƙwabtaka ba, amma akwai abin da ya yi kama da ita. A Google da Facebook da makamantansu, in ka taɓa sunan mai sharhi, sau da yawa za ka ga tarihinsa. Wanda aka buɗe shafinsa jiya, ba hoto, ba abokai, bai taɓa cewa komai ba sai wannan yabo guda, shi ne malaman hadisi suke kira majhuli, wanda ba a san ko wane ne ba, kuma ba a kafa hujja da shi. Akwai kuma kishiyarsa, wanda a mako ɗaya ya yabi otal a Legas, da asibiti a Fatakwal, da shagon taya a Kaduna, duka taurari biyar, duka da kalmomi iri ɗaya. Wannan sana'arsa ke nan.

Mafi raunin shaida duka, kuma abin takaici ita ce ta fi yawo a ƙasarmu, ita ce hoton hirar WhatsApp da masu sayar da atamfa da shadda da turare da kayan mata da magunguna suke liƙawa: wai ga wata Hajiya ta ce kaya sun iso, ga wani Alhaji ya ce basir ɗin shekara goma ya tafi cikin kwana uku. An goge suna, an goge lamba. Wa ya kawo labarin? Mai kaya. Daga wa? Daga wanda ba a ambata ba. Mai waya biyu yana iya rubuta wa kansa irin wannan guda hamsin kafin la'asar. Ko da ma na gaskiya ne, shi ya zaɓi wanda zai nuna, kuma ba a taɓa ganin mai kaya ya liƙa hirar wanda ya zage shi ba. A fiƙihu ba a karɓar shaidar wanda yake jawo wa kansa amfani da ita, balle a ce shi ne mai ƙara, shi ne mai shaida, shi ne kuma magatakarda.

Wasu kasuwanni, irin su Jumia da Amazon, suna sa alama a kan sharhin wanda ya sayi kayan ta hannunsu. Wannan ya fi babu nesa ba kusa ba, kuma ya kamata a fifita mai alamar a kan marar ita. Sai dai an sami dabarar kewaye ta: mai kaya ya yi odar kayansa da sunan wani, ya aika ƙunshin banza zuwa wani adireshi domin rajista ta nuna an kai, sa'an nan ya rubuta wa kansa yabo da alamar. A 2020 mutane da yawa a Amurka suka riƙa samun ƙunshin irin shuka daga Sin wanda ba su yi oda ba, kuma ma'aikatar gonar ƙasar ta ce alamu sun nuna irin wannan dabara ce.

Sai kuma duba lokaci, wanda makami ne da magabata suka yi amfani da shi ƙwarai. Isma'ila ɗan Ayyash ya ji labarin wani mutum a Iraƙi yana ruwaito hadisi daga Khalid ɗan Ma'adan. Ya je ya tambaye shi a wace shekara ya ji daga gare shi, mutumin ya ce shekara ta 113. Isma'ila ya ce masa ashe ya ji daga Khalid bayan rasuwarsa da shekara bakwai, domin a lissafinsa Khalid ya rasu a 106. Kai ma duba kwanan wata. Kayan da suka yi wata shida ba wanda ya ce komai, sa'an nan cikin kwana uku yabo arba'in ya zubo, sa'an nan aka sake yin tsit, to ka san biya aka yi. Wanda ya ce ya yi shekara yana amfani da waya wadda ba ta fi wata biyu da fitowa ba, ɗan'uwan mutumin Iraƙi ne. Haka kuma in kana duba shafin injin ban ruwa ka ga tsofaffin sharhi suna yabon laushin yadi ko daɗin ƙamshi, to shafin wani kaya ne aka sauya wa hoto domin sabon ya gaji taurarin tsohon. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci wani kamfanin magungunan ƙarin kuzari mai suna Bountiful tarar dala 600,000 a 2023 a kan irin wannan gado na haram.

Yanzu mu zo ga maganar kanta, watau abin da malaman hadisi suke kira matani, domin a nan ne mai hankali yake cin riba ko da bai san mai magana ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya tara a littafinsa Al-Manarul Munif alamomin da ake gane ƙagaggen hadisi da su ba tare da an duba masu ruwaya ba. Daga ciki akwai wuce iyaka wajen alkawari, da saɓa wa abin da ido yake gani, da kuma maganar ta yi kama da ta masu tallar magani a bakin hanya. Malaman tarihin maruwaita sun ambaci wani Muhammadu ɗan Hajjaj Al-Lakhmi wanda ya ƙaga hadisi a kan falalar harisa, wani abinci na alkama da nama, wai tana ƙarfafa baya, kuma suka ce shi mai harisa ne. Wanda bai ji tsoron jingina tallarsa ga Annabi ba, ina ga wanda zai jingina ta ga wata Hajiya da babu ita? Maganin da aka ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir da rashin haihuwa a kwalba ɗaya, ko shaidu dubu suka tsaya masa, matanin ya riga ya rushe.

Masu bincike na zamani sun iso wurin da ya yi kusa da wannan ta wata hanya. A 2011 wasu malamai a Jami'ar Cornell ta Amurka suka tara sharhi 400 na gaskiya a kan otal 20 na birnin Chicago, suka kuma biya mutane suka rubuta 400 na ƙarya. Da aka ba mutane su rarrabe, abin da suka samu bai fi na mai canki-canki da yawa ba, amma kwamfuta ta gane kusan kashi 90 cikin ɗari. Abin da ta lura da shi yana da ban sha'awa. Wanda ya kwana a otal da gaske yana maganar wurin: girman ɗaki, makewayi, hawa na nawa, nawa ya biya. Wanda bai je ba yana maganar kansa: ni da maigidana, hutunmu, mun ji daɗi matuƙa. Dalili a fili yake, ba ya iya siffanta ɗakin da bai shiga ba, sai ya cika wurin da labari da zumuɗi. Ka riƙe wannan. Wanda ya ce injin nan ya ja masa ruwa daga rijiya mai zurfin kaza, yana shan mai lita kaza a wuni, amma bututun da aka haɗo da shi ya tsage a mako na biyu, wannan ya taɓa injin. Wanda ya ce kaya ne masu inganci na ban mamaki, kowa ya hanzarta ya saya, bai gaya maka komai ba ko da gaskiya yake faɗi.

A da ana cewa a lura da gurɓataccen Turanci. Wannan alama ta mutu. Tun ƙarshen 2022 da manhajoji irin su ChatGPT suka bazu, ana iya sa na'ura ta rubuta yabo ɗari, kowane da salonsa, ba kuskure ko ɗaya, har da Hausa. A 2023 an ga wasu sharhi a Amazon waɗanda masu su suka manta ba su goge jimlar farko ba, inda na'urar take faɗa da bakinta cewa ita na'ura ce. Yau tsabtar rubutu ba ta nuna gaskiya, kuskure kuma ba ya nuna ƙarya. Sau da yawa ma manomin da ya rubuta layi biyu a karkace, ya haɗa da hoton injin a bakin fadamarsa da laka a jiki, ya fi mai dogon bayani amfani.

Akwai wani nau'i da ya fi duk waɗannan haɗari, shi ne shaidar da take gaskiya ce amma an tsara ta domin ta halaka mai ji. Waɗanda suka shiga MMM za su tuna cewa duk wanda aka biya ana bukatar ya rubuta abin da suke kira wasiƙar farin ciki, wanda ya yi ta bidiyo kuma ana ƙara masa lada. Mutanen nan ba ƙarya suke yi ba, an biya su. Abin da ba su sani ba, ko suka ƙi sani, shi ne da kuɗin wanda zai ga bidiyon aka biya su. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun, kuma hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa, NDIC, ta ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 3 sun yi asarar wajen naira biliyan 18. A watan Afrilu na 2025 aka maimaita karatun da CBEX. A irin wannan, mai ba ka shaida ɗan'uwanka ne ko abokin aikinka a sakatariya, ka san shi, adali ne, ga shaidar shigar kuɗi a wayarsa. Tambayar da za ka yi masa ita ce: in na shiga ta hannunka, kana da kaso? In ya ce e, to shaidarsa ta faɗi, ba don ya zama maƙaryaci ba, sai don ya zama mai amfana. Wannan hukunci ya hau kan 'yan wasa da mawaƙa da masu mabiya a TikTok da suke yabon kaya. Wanda aka biya ya yi talla, talla yake yi, kuma talla halal ce in an faɗi gaskiya aka kuma bayyana cewa talla ce. Haramcin yana shigowa ne sa'ad da ya sa rigar mai saye, ya ce shi ma da kuɗinsa ya saya.

Kada kuma a ɗauka suka ita ce gaskiya kullum. Malaman jarhi da ta'adili, watau masu tantance maruwaita, sun ce ana gabatar da suka a kan yabo idan an fayyace dalilinta, kuma sun yi taka-tsantsan da sukar tsara ga tsaransa, domin hassada da gasa suna shiga. Wanda ya rubuta cewa mai shagon nan ɓarawo ne, bai faɗi me ya saya ba, ko yaushe, ko me ya faru, mai yiwuwa maƙwabcin shago ne. Wanda ya ce ya yi odar batir mai ƙarfi kaza aka kawo masa mai ƙarfi kaza, ya kira sau uku ba a ɗauka ba, wannan suka ce fayyatacciya, kuma in mutum uku da ba su san juna ba suka faɗi aibi iri ɗaya a watanni daban-daban, to ka gaskata su ko da masu yabo sun kai ɗari uku. A ganina mai saye ya fara karatu daga ƙasa, daga masu tauraro ɗaya da biyu, sa'an nan masu uku, domin mai ba da uku yawanci shi ne wanda ya ga kyau ya ga aibi ya faɗi duka. Ya duba kuma yadda mai kaya yake amsa suka. Wanda ya ce a dawo da kaya a sauya, da wanda ya hau zagi da barazana, kowannensu ya gaya maka yadda zai yi da kai.

Shafin da babu suka ko ɗaya a cikinsa abin tsoro ne. A 2022 kamfanin tufafi na Fashion Nova a Amurka ya amince ya biya dala miliyan 4.2 bayan an zarge shi da ɓoye sharhin da bai kai taurari huɗu ba. A nan gida kuwa akwai wani dalilin shirun. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa ta ji wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco da zaƙi da yawa, kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta aka tafi da ita Abuja, aka tuhume ta a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet. Ba hurumin wannan fili ba ne ya yanke hukunci tsakaninsu, amma duk wanda ya ji labarin zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta aibin kaya, kuma idan masu gaskiya suka yi shiru, 'yan najashi ne kaɗai za su rage a fili.

Bayan an tace na gaskiya, sauran aiki ɗaya, shi ne a tambaya ko wannan gaskiyar ta shafe ka. Mutumin Legas da ya yaba waya saboda kyan hoto bai yi ƙarya ba, amma kai da kake Riruwai ko bayan dajin Falgore, abin da ya dame ka shi ne kama layi a inda sabis yake da rauni, da batirin da zai kwana biyu ba caji. Wanda ya yabi farantin sola ranar da aka kawo shi, kwalin ya yaba. Kai kana bukatar wanda ya ga yadda ya yi a ƙurar hunturu da zafin bazara da hadarin Agusta. Wanda ya yabi otal shekara huɗu da suka wuce, wataƙila an sauya mai shi sau biyu. Sharhi mai amfani shi ne na wanda bukatarsa ta yi kama da taka, ya daɗe da kayan, kuma bai daɗe da rubutawa ba. Ɗaya irin wannan ya fi hamsin na waɗanda suka buɗe kwali suka yi murna. In kuwa kayan masu tsada ne, kamar injin da noman ranin shekara ya rataya a kansa, to a nemi wanda yake amfani da irinsa a fadamun Tiga ko Kiru a je a gani da ido, a tambayi makanikin da yake gyara su wane iri ne ya fi zuwa hannunsa, kuma ko ana samun kayan gyaransa a Kano. Makaniki ba ya ba da taurari, amma ya san cikin injin. Abin da yake da rajista kuma a duba rajistarsa a inda take: magani a NAFDAC, kamfanin Hajji da Umra a hukumar alhazai ta ƙasa, masu karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari a hukumar SEC.

Hukumomin duniya sun fara farkawa. A Italiya, cikin 2018, kotun birnin Lecce ta ɗaure wani mai sayar da yabon ƙarya wata tara. A Amurka dokar da ta hana saye da sayar da irin wannan sharhi ta fara aiki a watan Oktoba na 2024, a Ingila kuma a watan Afrilu na 2025. A Nijeriya dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana siffanta kaya da abin da zai ɓatar da mai saye, kuma ana iya kai ƙara gare ta.

Saura magana ga 'yan kasuwarmu da matasanmu, domin wasu daga cikin masu tambaya ba masu saye ba ne. Wani ya ce ɗan'uwansa ya buɗe shago a intanet, ya roƙe shi ya shiga ya ba shi taurari biyar ya rubuta cewa ya saya, alhali bai saya ba, shin akwai laifi tun da kayan suna da kyau? Akwai. Cewa ka saya alhali ba ka saya ba ƙarya ce, kuma an gina ciniki a kanta. Kyan kayan ba ya wanke ta. In kana son taimakonsa, rubuta abin da ka sani: cewa ɗan'uwanka ne, ka san shi da amana. Wani matashi kuma ya ce ana biyansa a kan kowane yabo da ya rubuta wa manhajoji da shagunan da bai sani ba. Wannan kuɗi ladan najashi ne, kuma sahabi Abdullahi ɗan Abu Aufa ya siffanta mai najashi da cin riba da ha'inci, kamar yadda Bukhari ya kawo. Mai kaya da ya ce a ba shi taurari biyar ya rage kuɗi, shi ma sayen shaida yake yi. Abin da ya halatta shi ne ya roƙi wanda ya saya ya rubuta abin da ya gani, ko mai daɗi ko marar daɗi, ba tare da sharaɗi ba.

Amma wanda ya saya aka cuce shi, yana tsoron kada faɗin aibin ya zama giba, to ya kwantar da hankalinsa. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, daga ciki akwai gargaɗin Musulmi daga cutarwa, kuma malamai sun kawo misalin wanda ya ga ana shirin sayen kaya mai aibi. Sharaɗin shi ne ya fara neman mai kaya ya ba shi damar gyarawa, sa'an nan ya faɗi abin da ya faru da shi kaɗai, da kwanan wata da irin kayan, ya ajiye rasiɗi da hoto, kada ya ƙara ko kalma ɗaya don huce haushi, kada kuma ya wuce aibin kaya zuwa mutuncin mai su da iyalinsa. In mai kaya ya gyara daga baya, ya koma ya rubuta cewa an gyara.

Tambayar da ta zo daga Tudun Wada game da biyan kuɗi kafin a ga kaya, da wanda asara take kansa in kaya suka lalace a hannun direba, tana bukatar fili nata, za mu ɗauke ta mako mai zuwa in Allah ya kai mu.